Maigida Zai Kai Ni Zanzibar, Amma Gabana Sai Faɗuwa Yake

Assalamu alaikum Anti. Ina da damuwar da na rasa wanda zan gaya wa, don duk wadda na fara yi wa bayani sai ta ce daɗi ne ya yi mini yawa. Shekararmu goma sha biyu da aure, 'ya'yanmu huɗu, autarmu shekararta uku. Ni malamar makaranta ce, maigidana kuma ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Mako uku da suka wuce ya kira ni ɗaki ya nuna mini hotunan wani tsibiri a wayarsa, ya ce sunansa Zanzibar. Ya ce shekara biyu ke nan yana ware kuɗi a gefe don mu je mu kwana shida, daga ni sai shi, a hutun watan Afrilu. Wallahi Anti abin da ya fara fitowa daga bakina shi ne, "To yaran fa?" Ya yi shiru, ya mayar da wayar aljihu.

Da Hajiyarsa ta ji labari sai ta ce almubazzaranci ne, yawon Turawa ne, in kuɗi ne suka yi yawa ga Umara nan. Alhali dukkanmu mun sauke farali, ita ma shi ya biya mata. Na kuma ga yadda mata ke yawo tsirara a bakin tekun a hotuna, ina tsoron in je in kwaso zunubi da kuɗinmu. Wata ƙawata ma cewa ta yi in shirya, toshiyar baki ce, aure zai ƙara. Sannan Anti, ni ban san abin da zan riƙa ce masa har kwana shida ba. In ba maganar yara da cefane ba, na manta rabon da mu yi hira.

Ƙanwarki daga Kano.

Wa alaikumus salam ƙanwata.

Ki shirya kayanki ki bi mijinki. Wannan ita ce amsata, sauran maganar duk ta yadda za a yi ce. Sai dai ba a watan Afrilu ba, zan zo kan dalilin.

Kin jero mini damuwarki ɗaya bayan ɗaya, kika bar guda a can ƙasa cikin layi biyu, kamar wadda ake fizgo maganar daga bakinta. Da ita zan fara, don ita ce take hana ki barci. Maganar Hajiya tana da maganinta, ta bakin teku ma haka. Amma mace ta wayi gari ta ga mutumin da ta haifa wa 'ya'ya huɗu ya zama kamar baƙon da take jin nauyin zama da shi su biyu, wannan abu ne mai ciwo, kuma da wuya ta sami wanda za ta faɗa wa bai yi mata dariya ba.

Ki sani ba ke kaɗai ba ce. Dubi yadda gidajenmu suke tafiya. Maigida ya fita da safe, kasuwa ta riƙe shi har Magariba, ya tsaya masallaci, ya biya ta gidan Hajiya, wataƙila ya ɗan zauna majalisa. Kafin ya shigo kin gama da makaranta, kin gama da tukunya, kin gama da aikin gidan yara, idonki har ya fara rufewa. Abin da ya rage na magana shi ne gas ya ƙare, an aiko da takardar kuɗin makaranta, autar tana tari, akwai sunan wance ranar Asabar. Ga kuma kunyar da aka raine mu da ita, wadda ko sunan miji ba ta bari mu kama. Shekara goma sha biyu a haka, ba faɗa ba gaba, sai hirar ta bushe kamar rijiyar da aka daina ja. Ruwan yana nan a ƙasa, guga ce aka jingine.

Yanzu ki dubi abin da mijinki ya yi. Ɗan kasuwa ne, ya san abin da kowace naira za ta haifa in ya juya ta a shago. Duk da haka ya yi shekara biyu yana cire wani abu yana ajiyewa, bai faɗa wa kowa ba, don ya zauna da ke inda babu mai ƙwanƙwasa ƙofa. Mazanmu da yawa ba a koya musu su buɗe baki su ce "na yi kewarki" ba. Nasa salon faɗar ke nan. Shi ma ya lura da shirun da kika lura da shi, ya riga ki neman mafita. Da kika ce "to yaran fa" na san ba da wata manufa kika faɗa ba, bakin uwa ne, amma shirun da ya yi da mayar da wayar aljihu ya isa ya nuna miki inda maganar ta same shi. Wannan yana buƙatar gyara tun kafin a yi zancen biza.

Game da ƙawarki, ban san zuciyar mijinki ba, ita ma ba ta sani ba. Abin da na sani shi ne mun saba, in namiji ya yi alheri ba zato sai a ce akwai wata a ƙasa, har ya zama wasu mazan suna tsoron kyautatawa. In zancen ya tsaya miki a rai, ki tambaye shi a gida, cikin natsuwa, tun kafin tafiya, ki ji daga bakinsa. Kada ki ƙunshe zargi a cikin akwati ki ɗauke shi har bakin teku, ki riƙa auna duk murmushin da ya yi. Kuma daga yau ki rage yawan waɗanda kike buɗe wa cikin gidanki.

Fita da iyali don a sake, a yi raha, ba Turawa suka kawo shi ba. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ba da labarin wata tafiya da ta yi da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ya ce wa sahabbai su yi gaba, sannan ya ce mata ta zo su yi tsere, ta kuwa tsere masa. Bayan wasu shekaru, ta yi jiki, suka sake wata tafiyar, ya sake sa mutane su yi gaba, suka sake tsere, wannan karon ya wuce ta, yana dariya yana cewa wannan ramuwar waccan ce. Hadisin yana cikin Abu Dawuda a taƙaice, cikakken labarin kuma yana cikin Musnadin Ahmad. Abin da nake so ki kula da shi shi ne sallamar jama'ar da ya yi. Mai ɗauke da nauyin al'umma gaba ɗaya ya ga ya dace ya keɓe da matarsa a tsakiyar tafiya don wasa kawai.

To me za ki ce masa har kwana shida? Kada ki tsara komai. Kuskuren da ma'aurata ke yi shi ne su sauka kai tsaye a otal na bakin teku, su shige ɗaki, su zauna suna fuskantar juna suna jiran hira ta faɗo daga sama. Ba ta faɗowa. Sai kowa ya jawo wayarsa. Mutanen da suka daɗe ba su yi hira ba, tafiya kafaɗa da kafaɗa ta fi musu zama fuska da fuska, don abin da ido ya gani shi zai ba baki abin faɗa. Shi ya sa nake ba ku shawara ku raba kwanakin: biyu na farko a cikin tsohon birnin, wanda ake kira Stone Town, sauran a bakin teku.

Tsohon birnin nan zai tuna miki da cikin badala. Lunguna ne matsattsu da mota ba ta shiga, sai babur da masu tafiya a ƙasa, gidajen dutse masu hawa biyu da uku, da manyan ƙofofin katako da aka sassaƙa, wasu da ƙusoshin tagulla, wasu da ayoyin Alƙur'ani a samansu. Tun shekarar 2000 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Za ku ɓata a lungunan, kowa yana ɓata, kuma ku bar kanku ku ɓata, garin bai da girman da za ku rasa hanya. Akwai kasuwar Darajani, ki bar mijinki ya shiga layin masu yadi ya taɓa, ya taya, ya kwatanta da na Kwari. A nan za ki ga wani ɓangarensa da ba ki taɓa gani ba, don ke a gida kike ganinsa a gajiye, ba ki taɓa ganinsa a fagensa ba. Ki tambaye shi yadda yake gane yadi mai kyau. Za ki sha mamakin yadda mai shiru zai ɓarke da zance.

Da yamma ku gangara lambun Forodhani da ke bakin ruwa, inda masu abinci ke kafa tebura bayan faɗuwar rana: gasasshen kifi, jatan lande, ƙaguwa, ruwan rake da ake matsewa a gabanki da citta da lemon tsami, da wani romo mai ɗan tsami da suke kira urojo. Za ki ga wata halittar teku mai hannaye takwas da suke kira pweza, kada ta ba ki tsoro, a mazhabarmu ta Malikiyya abin da ke rayuwa a teku halal ne. Ku dai zaɓi wanda aka gasa a gabanku, ku kuma yi ciniki kafin a zuba.

Ku ware rabin yini ku je gonar kayan ƙamshi a bayan gari. Kanumfarin da kike jefawa a kunun aya da zoɓo da shayi, a can za ki gan shi a jikin bishiyarsa, tare da kirfa da masoro da kurkum. Mutanen can karafuu suke ce masa a harshensu na Suwahili, mu kanumfari, duka daga kalma ɗaya ta Larabci. Haka za ki yi ta tsintar kalmomi a Suwahili kamar kin san su: sabuni, dakika, Alhamisi, Ijumaa, habari. Wajen shekarar 1840 ne Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, ya dawo da fadarsa daga Maskat zuwa wannan tsibiri, ya bunƙasa noman kanumfari, kuma da ƙarfin bayi aka yi noman. Kasuwar bayin tana tsakiyar gari, ba a rufe ta ba sai 1873, an gina coci a wurin, amma har yanzu ana shiga da baƙi wasu ƙananan ɗakuna na ƙarƙashin ƙasa a harabar. Ku je. Ba wurin nishaɗi ba ne, za ku fito jikinku a sanyaye, amma irin wuraren nan suna buɗe zancen da ya wuce na cefane. In kuna da sauran lokaci, a kudancin tsibirin akwai masallacin Kizimkazi, wanda rubutun da ke jikin mihirabinsa ke ɗauke da shekara ta 500 bayan Hijira, wato 1107. Musulunci ya fi shekara ɗari tara a wurin da Hajiya take zaton garin Turawa ne.

Bayan kwana biyun nan, in kun koma bakin teku, shiru ba zai ƙara ba ki tsoro ba, don kun riga kun sami abin tunawa tare. Kuma akwai shirun da ba na gaba ba ne. Ni ma da muka je da maigidana, daren farko kuka na yi na kewar autana, kwana na biyu muka yi saɓani a kan abin da bai taka kara ya karya ba, har na ce a raina da ma ban zo ba. A kwana na huɗu, a gabashin tsibirin, teku ta janye da safe, muka bi rairayin muna tafiya ba mai cewa komai. Can sai ya fara ba ni labarin ranar da mahaifinsa ya rasu, da abin da ya ji da aka ce shi ne babba yanzu. Mun shekara da yawa tare a lokacin, ban taɓa jin wannan labarin daga bakinsa ba. Ban tambaye shi ba, wuri kawai ya samu. Don haka in kun yi 'yar hatsaniya a farko kada ki ce tafiya ta lalace. Gajiyar hanya ce da rashin sabo, harshe da haƙori ma suna saɓawa.

Abu biyu za ku yi yarjejeniya a kansu tun a gida. Waya ita ce ta farko. Shi yana da yaran shago da abokan ciniki, ke kina da yara. Ku sa lokaci guda a yini, ya kira kasuwa, ki kira gida, sannan a ajiye. Agogonsu yana gaban namu da awa biyu, in kun idar da Isha a can nan ana shirin Magariba, lokacin ya yi daidai da jin muryar yara. Kada ki wuce sau ɗaya a rana, don yawan kiran yana tayar musu da hankali fiye da yadda yake kwantarwa, musamman autar. Na biyu, kada ki mayar da tafiyar zaman kotu. Na san shekara goma sha biyu ba ta rasa abubuwan da aka haɗiye. In akwai wanda ya zama dole, ki zaɓi guda ɗaya tak, ki bari sai kwana na huɗu ko na biyar, ki fara da abin da kike so a nan gaba kafin abin da ya wuce.

Sai maganar Hajiya. Kada ki ɗauke ta a matsayin mai baƙin ciki. Ta taso a zamanin da mace ba ta barin gari sai don Hajji ko asibiti ko gaisuwar mutuwa, ta ga wahalar da aka sha kafin ɗanta ya tsaya da ƙafarsa, kuma tana ganin yadda rayuwa ta yi tsada. In ta ji an ce za a ɗauki kuɗi a je kallon ruwa, dole abin ya yi mata wani iri. Tambayarta tana da gaskiya a ciki, kuma ya kamata ku amsa wa kanku ita tsakani da Allah. Akwai bashin wani a kansa? Kuɗin nan daga jarin shago aka yanko su? An tanadi kuɗin makarantar zango mai zuwa? Akwai wata buƙatar Hajiya, ta magani ko gyaran gida, da aka ce mata ta ƙara haƙuri? In amsar ɗaya daga cikin waɗannan ta ba ku kunya, a gyara wannan tukuna, tsibirin ba inda za shi. In kuwa duk an sauke, abin da mutum ya kashe wa iyalinsa daga halal ɗinsa, daidai ƙarfinsa, ba ya cikin almubazzaranci. A hadisin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas da ke cikin Buhari, an faɗa cewa har lomar da mutum ya sa a bakin matarsa yana da lada a kanta in ya nufi Allah. Umara alheri ce babba, Allah ya maimaita muku, amma kun sauke farali, kuma gyaran zaman aure shi ma ba wasa ba ne a addini.

Sai dai duk wannan bayanin ba daga bakinki zai fito ba. Kada ki kuskura ki tsaya gaban surukarki kina jawo hadisi. Ɗanta ne zai je, shi kaɗai, ya zauna a ƙasa, ya ce mata shawararsa ce ba taki ba, ya gaya mata garin musulmi ne, ya nemi albarkarta. In ta ƙi saukowa, kada a yi gaban kai, kada kuma a tafi a ɓoye. A nemi wanda take jin maganarsa, ƙaninta ko wata aminiyarta ko malamin da take girmamawa, a ba ta lokaci. Uwa in ta ga an durƙusa an nemi yardarta, ba safai take daɗewa a kan ƙi ba. Ranar da za ku tafi ku je sallama tare. A dawowa kuma tsarabarta ta fi ta kowa: kanumfari da kirfa masu yawa da za ta raba wa ƙawayenta da hannunta, man kanumfari, da zannuwan kanga, irin waɗanda matan can ke ɗaurawa, masu ɗauke da karin magana a gefensu. Ki sa mai shagon ya fassara miki rubutun kafin ki saya, don wasu habaici ne.

Kuma don Allah ki riƙe hotunanki. Kada ki zuba su a WhatsApp da Instagram. A danginki da nasa akwai wanda kuɗin haya ya gagara, akwai wadda mijinta ko Tiga bai taɓa kai ta ba. Hoto ɗaya ya isa ya mayar da Hajiya inda ta fito, in aka kai mata shi da ƙarin gishiri.

Batun tsiraici ba zan ɓoye miki ba, akwai shi. Tsibirin yana rayuwa ne da baƙi, yawancinsu daga Turai, kuma a gaban manyan otal-otal suna kwanciya a rana da kayan wanka, ana kuma sayar da giya. Amma Zanzibar ɗin da ke cikin hotunan talla yanki ne kawai. Kusan dukkan mutanen tsibirin musulmi ne. Matansu da hijabi da baƙar abaya da suke kira buibui suke fita, mazan da farar jallabiya da hula ranar Juma'a, kiran salla kuma daga kowace kusurwa. Da hijabinki za ki fi kama da 'yar gari fiye da baƙuwa, sallama kawai za ki yi a amsa miki da fara'a. Inda kuka sauka shi ne zai yanke abin da idonku zai gani. Arewacin tsibirin, wajen Nungwi da Kendwa, ya fi cunkoso da kiɗan dare, ko da yake ruwansa ba ya janyewa da nisa. Gabas, irin su Jambiani da Matemwe, ƙauyukan masunta ne masu natsuwa. A can teku tana janyewa sau biyu a kwana guda, ta bar fili fari mai nisa, matan ƙauye su fito da zannuwansu suna aikin wata ciyawar ruwa da suke nomawa suna sayarwa. Ni gabas zan zaɓar muku. Ku nemi ƙaramin masauki, ku rubuta musu tun kafin ku biya ku tambaya ko suna sayar da giya, ko akwai naman alade a kicin ɗinsu, da nisan masallaci. In kina son ki taɓa ruwa, ku fita bayan sallar Asuba, lokacin bakin tekun ba kowa sai masunta, rana kuma tana fitowa ta cikin ruwan a gabanku. Doguwar riga mara nauyi da wando a ciki sun wadatar. Abin da ido ya faɗa a kai ba da niyya ba, a kawar da kai, kamar yadda ake yi a filin jirgi ko a Legas.

Ki gaya wa maigida mafi yawan mutanen can Shafi'awa ne. Zai ji liman yana bayyana Bisimilla, yana kuma yin ƙunutin Asuba a bayyane bayan ruku'u, kada abin ya ɗaure masa kai, ya bi liman. Batun ƙasaru kuma, a Malikiyya niyyar zaman kwana huɗu a wuri tana yanke hukuncin tafiya, don haka ku kai wa malaminku tsarin kwanakinku ya faɗa muku inda za ku cika.

Yanzu dalilin da na ce ba Afrilu ba. Daga Maris zuwa Mayu ne babbar daminarsu, wadda suke kira masika, kuma Afrilu ne tsakiyarta. Ruwa ne kamar da bakin ƙwarya, wasu masaukan ma rufewa suke yi. Ku je a lokacin ku ƙare a ɗaki kuna kallon juna, abin da kike gudu ke nan. Daga Yuni zuwa Oktoba ne rani mai sanyi-sanyi, ya kuma haɗu da dogon hutunku na makaranta. Yuli da Agusta sun fi tsada saboda hutun Turawa, in kun sami farkon Satumba kafin a koma aji ya fi sauƙi. Akwai iska a gabas a wannan lokacin, ki tafi da mayafi mai ɗan kauri. Jinkirin ma alheri ne, zai ba Hajiya lokacin saukowa, ya ba ki lokacin saba wa autar kwana a wurin mahaifiyarki. Ki fara da kwana ɗaya, sannan biyu.

Takardu kuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Zanzibar ɓangare ce ta Tanzaniya tun haɗewarsu da Tanganyika a 1964, don haka bizar Tanzaniya za ku nema. Masu fasfo ɗin Najeriya ba a ba su biza a filin jirgi, sai sun nema ta intanet an tantance su, abin kuma yana ɗaukar makonni. Ku nema da wata biyu ko fiye a gaba, kuma kada ya biya tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin amincewa ta fito. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida. Dole ne katin rigakafin cutar shawara, kuma allurar sai ta kwana goma kafin katin ya fara aiki. Tun watan Oktoban 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa kowane baƙo inshorarta ta dala 44, ana biya ta intanet kafin a isa. Dokokin nan suna canjawa, ya sake dubawa dab da tafiya. Daga Kano akwai jirgin Ethiopian Airlines da ke bi ta Addis Ababa. In kun sauka ku canja kuɗi zuwa shilin ɗin Tanzaniya don ƙananan sayayya. In za ku shiga kwalekwale, ko zuwa tsibirin Changuu ne ganin manyan kunkuru, kada ki taka sai an ba ki rigar kariya, ko da masu jirgin sun ce ba komai.

Amma duk wannan na gaba ne. Na yau shi ne ki gyara "to yaran fa". In yara sun kwanta, ki haɗa masa shayi da kanumfari, ki zauna kusa da shi ki ce, "Abban yara, ina hotunan nan da ka nuna mini rannan? Ban kalle su da kyau ba." In ya ciro wayar, ki yi masa godiya da bakinki, a fili, ki yi masa addu'a. Sannan ki tambaye shi yadda aka yi, duk faɗin duniya, ya zaɓi Zanzibar, ki yi shiru ki saurari amsar har ƙarshe.

Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.

Antinki.